Ƙullin Bahago

"Lafiya lau, amarya. Sai dai mijinki ya kusa mutuwa da yunwa, ke kina can kina yawon kasuwa."

Kaka Bala ke nan, zaune kan tabarma a ɗakin da suka kama a Gwange tun da aka koro su daga Doron Baga. Ido ya tafi, amma baki na nan daram. Jikarsa Lauratu ta dire leda a gabansa.

Duk Juma'a sai ya aike ta Tashar Baga ta sayo masa bandar kawara, 'yan ƙananan kifayen nan da ake kwasa a fadama in ruwa ya janye. Ba cin ne ya dame shi ba. Ɗansa Mikail, mahaifin Lauratu, ya koma ɗauko kwalekwale ranar da aka kai wa garinsu hari, har yau shiru. Mikail yana da wani ƙulli nasa da yake yi wa kabar da yake jera kifi a kai. Tsohon yakan laluba kabar, in ya ji ƙullin sai ya ce Mikail na nan da rai a wani tsibiri yana banda. Kifin tafkin garinsu kuwa ya daina zuwa tun da aka rufe hanya. Na madatsar ruwan Alau da ke kusa take saye, ta laɓe bayan ɗaki ta ƙulla da hannunta, don tana tsoron ranar da ya rasa ƙullin nan ba zai ƙara kai loma baki ba.

"Wane mijin?" in ji ta. "Mai haƙori uku, su ma ba sa ga maciji da juna?"

"Da su na cinye giwan ruwan da ya fi ki tsawo."

"Bara ka ce ya kai ni, bana ya fi ni. Kifin nan naka ko a kabari girma yake yi."

Ya zura hannu cikin ledar. "Wannan ne kifi? Ai farcena ya fi shi. Sakinki zan yi yau."

"Sake ni mana, mu ga mai dama maka kunu."

"Zawarawan layin nan rububina suke."

"Ai sandarka suke so, itace ya yi tsada."

Ya yi dariya, yatsunsa na bin kabar a hankali har ƙarshenta. Nan suka tsaya. Ya kai kifin hanci ya daɗe yana shinshinawa.

"Kifin nan bai taɓa ganin tafki ba, amarya. Lakar Alau nake ji."

"Hancinka ne ya tsufa, angon ƙarni."

"Hanci ya tsufa, yatsu ba su tsufa ba. Babanki bahago ne, Lauratu. Ƙullinsa hagu yake kwantawa. Wannan na dama ne, tun daminar bara."

Rabon da ya kira ta da sunanta har ta manta. Ta zauna a bakin tabarmar.

"Kaka, ashe ka sani? Ka bar ni ina ta yi?"

"Ni a zatona ke nake lallashi. In na ce yana da rai, sai in ji kin ci tuwo."

"To me ya sa yau ka faɗa?"

"Kabar a jiƙe take, kuma ba a yi ruwa ba."

Ta kifa kai kan gwiwarsa ta yi kukan da ta daɗe tana yi a ɓoye. Bai hana ta ba. Shi ma hawaye na bin gemunsa, yana ta warware ƙullin. Can ya ja hanci, ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba.

"Shi ke nan, kin ci, na fasa sakin. Ina zan sami matar da ta iya ƙarya haka?"

Ya laluba ya kamo hannunta na hagu, ya ɗora mata kabar a tafi.

"Riƙe nan. Haka na koya masa. In za ki yi wa mijinki ƙarya Juma'a mai zuwa, ki yi ta daidai."