Gaisuwar Da Ta Karya Fiffiken Jirgi

Ba zan taɓa mantawa da daminar da jan-baki suka sauka a fadamar Argungu ba, lokacin muna cikin Jihar Sakkwato. Tsuntsayen nan in suka faɗa gonar shinkafa da safe, kafin la'asar sai kara. Aka kawo ƙananan jiragen feshi guda biyu, suna sauka a wani fili bayan Birnin Kabi. Ina ƙaramin malamin gona, aka ce ana neman mai yi wa jiragen nuni idan sun sauka. Na yi wuf na ɗaga hannu (iyakar sanina da jirgi a lokacin: yana tashi, yana sauka).

Kwana biyu aka koya mini. Jajayen alluna biyu ne kamar faifai: ka kaɗa ɗaya, jirgi ya juya, ka gicciya su a sama, ya tsaya. Shi ke nan, kaina ya kumbura. Na aika gida Gulma cewa yanzu ni ke ba jirgi umarni.

Ashe Baba ya ɗauki maganar da gaske. Ranar da ake shirin feshe makwancin tsuntsayen wajen Gulma, ya bar shinkafarsa da ta fara nuna, ya hau motar kasuwa don ya gani da idonsa. Jirgi ɗaya ya sauka yana gangarowa wajena a hankali, ɗayan yana ajiye a gefe. Sai na hango Baba bayan shingen waya, cikin rigarsa ta Juma'a, yana nuna ni ga na kusa da shi.

"Wancan ɗana na! Shi ka tuƙa su da hannu!"

Daɗi ya kwashe ni. Na ɗaga hannu ina ta kaɗa masa, na manta sarai da abin da nake riƙe da shi. Matuƙin, bawan Allah, ya bi umarni. Ya juya. Sai ƙaraf! Fiffikensa ya shige cikin na ɗayan.

Ba wanda ya ji rauni. Matuƙin ya sauko ya tambaye ni dalilin sa shi juyawa. A gaban kowa na ce, "Babana nake gaisarwa." Ba wanda ya yi dariya. Na waiwaya, Baba ya sauke hannunsa.

Kafin kayan gyara su iso, jan-baki sun gama da Gulma. Aka karɓe allunan, aka mayar da ni ofis. Sai da na yi mako uku kafin na iya zuwa gida. Na tarar da Baba a tsakiyar gona yana jan igiyar gwangwanaye, muryarsa ta dushe da korar tsuntsu, ga shi babu sauran abin karewa. Na durƙusa a gabansa.

"Tashi," in ji shi. "Tsuntsu ya ci rabonai. Amma in ka koma ganina kana bakin aiki, bari. Na san ka gan ni."

Bai sake zuwa ba, kafin wata damina ya rasu.

Har yau in na hango wanda na sani a hanya, hannuwana suna aljihu. Ana cewa girman kai gare ni. A bar su kawai, ba su san abin da gaisuwata take ci ba.