Kaskon Turaren da Na Kai wa Surukata

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kwashi ilimina na kai gidan surukai a Yelwa.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a, aikina haɗa garin tangaran daga sinadarin fosfet. A ruwa muke dama shi, mu busar, mu gasa da ɗan zafi kaɗan, babu ɓarnar wuta. Abin taƙamarsa, ko ya sha zafi da ƙyar yake buɗewa, wato girmansa ba ya canzawa. Mai hankali zai rubuta haka ya karɓi makinsa. Ni da littattafan soyayya suka riga suka dafa wa ƙwaƙwalwa, sai na ga ai zuciyata ce aka kwatanta.

Na matse garin na yi ɗan kaskon turaren wuta, fari fat, na sa maƙeri ya ɗaura masa zoben ƙarfe da mariƙi. Wa zan ba? Innar Bashir, saurayin da zan aura, matar da dama take cewa 'yar boko ba ta iya komai ba sai surutu. Ni a dole yau zan canza mata ra'ayi.

Ranar sunan jikarta, ɗaki cike da gwaggonnin Bashir da suka zo daga Shanga, na zuba garwashi, na barbaɗa turare, na shiga zagaya ɗaki ina rangwaɗa (har da lumshe ido, Allah ya yafe mini).

"Inna, wannan kasko zafi ba ya canza shi."

"To," ta ce.

Kuma gaskiya na faɗa, kasko bai buɗe ba. Zoben ƙarfen ne ya ji zafi ya buɗe. Kasko ya sulale ta ƙasa, tim, a kan sabon kafet, garwashi ya watsu har gefen zanen wata gwaggo. Aka bar ni tsaye riƙe da zobe fanko.

"Ke ɗiyar ga, mi mun ka yi miki?" in ji gwaggon, tana kakkaɓe zane.

Inna ta juye ruwan buta a kan wutar, ta dube ni.

"Inna, laifin ƙarfen ne, shi yake..."

"Allah ya kyauta. Ku ba ta tsintsiya, in ta iya."

An dai yi auren, da roƙon Bashir. Har yau in na doshi murhu a gidan sai a ce, "Zauna, Injiniya, kar ki wahala."

Na koyi darasi: kafin ki yi rantsuwa a kan abin da ba ya canzawa, duba abin da ke riƙe da shi. Kuma ki gwada a tsakar gidanku tukuna.