Yadda Ake Zaɓen Keken Yara Biyu Har Yaran Su Fara Tafiya da Ƙafarsu

Ya kai dattijon da aka haifa wa jika na biyu tun na farko bai gama koyon hawa matakala ba, wannan darasi naka ne. Na yi maka alkawari, muddin ka bi matakan nan yadda aka tsara su, ba za ka taɓa sayen keken tura yara mara kyau ba. Mai kyau ɗin ma ba za ka saya ba.

Ya kamata in faɗi gaskiya tun farko: ni ban taɓa tura keken yara ba, nawa 'ya'yan a bayan uwarsu suka girma ina can wajen neman abinci. Ilimin duk na Baba Jonah ne, mai gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki, da ke zaune a unguwar Bin Omran, wanda ya yi alkawarin keke mai zama biyu tun kafin Kirsimeti, ga shi har zafi ya fara leƙo Doha bai saya ba.

Mataki na ɗaya: Yi alkawarin a gaban jama'a

Kada ka yi shi a ɗaki, inda za a iya mantawa da shi cikin mutunci. Nemi taro.

Ranar da aka miƙa jaririn 'yarsa Dorkas a coci, ana cikin cin shinkafa bayan sujada, Baba Jonah ya miƙe ya gyara wuyan riga, ya ce, "Keken yaran nan biyu, ni zan saya. Kada in ji wani ya riga ni." Aka tafa masa. Henry, mijin Dorkas, ya rusuna ya yi godiya, alhali tuni ya ga keken da ya kwanta masa a rai, jiran ƙarshen mako kawai yake yi.

Daga wannan rana ka ɗaure hannun surukinka. Yaron da ya samu tarbiyya ba zai tsallake maganar uban matarsa ya shiga shago ba. Keken ya zama naka kai kaɗai, kamar filin gado da ba a nomawa ba a kuma sayarwa.

Mataki na biyu: San cewa iri biyu ne, ka ƙi su duka

Akwai mai kafaɗa da kafaɗa, wanda yaran ke zama a jere. Wannan shi ne adalci. Sai dai adalci yana da faɗi, lif ɗin gidan su Dorkas a Bin Mahmud kuwa an yi shi ne don mutum ɗaya da ledar burodi.

Akwai mai gaba da baya. Wannan yana shiga lif, yana shiga jirgin metiro, yana ratsa ƙofar kowane kanti. Aibinsa ɗaya: yaro guda yana kallon duniya, ɗayan yana kallon bayan kujera.

Baba Jonah ya daɗe a tsaye gaban irin wannan keke. 'Ya'ya biyu gare shi. Da hanya ta buɗe, Dorkas ya yi wa ƙoƙari har ta zo Doha aikin jinya, ƙaninta Reuben yana can Zonkwa ana ce masa ya ƙara haƙuri. Mai shago ya tambayi dattijon ko launin ne bai yi masa ba. Ya ce eh, launin ne.

Ka riƙe wannan amsa. Launi ba ya jawo wata tambaya.

Mataki na uku: Gwada, amma da gaske

Mai son ya saya yana tura keke sau ɗaya ya ce a naɗe masa. Kai masani ne. Ɗora jakar kayan aikinka a kujera guda, ƙaramin buhun shinkafa a ɗayar, ka zagaya shagon. Taka birki. Girgiza hannun keken. Kanga kunne a ƙafar gaba kamar mai sauraron ciwon inji. Tambayi ko rumfar za ta iya da ranar watan Yuli, in an ce za ta iya, ka tambayi ta Agusta.

Sai dai ka kiyayi masu gadin babban kanti, musamman 'yan gida. Akwai wani Haladu, mutumin Gumel, da ya riƙa ganin Baba Jonah yana shiga hannu wofi yana fita hannu wofi.

"Baba, yau ma zance ka zo?" in ji shi. "Keken nan da budurwa ce, da tuni iyayenta sun ce ka turo magabata."

"Kai dai tsare ƙofarka. Abin da za a ɗora rai biyu a kai ba a yi masa gaggawa."

"Gaskiya ne. To ka jira su girma su zo su zaɓa da kansu, khalas, shi ke nan."

Idan ka gamu da irinsa, canza kanti. Doha ba ta rasa kantuna ba.

Mataki na huɗu: Nemi shawara wurin waɗanda ba sa jituwa

Tambayi uwar tagwaye, sannan ka tambayi direban da ke ɗaga keken ya saka a but ɗin mota. Ita za ta ce mai ƙarfi, shi zai ce mara nauyi. Ka gode wa kowa, ka koma gida ka ce malamai sun yi saɓani.

Mataki na biyar: Kada ka dubi 'yarka da kyau

Nan ne masu raunin zuciya suke faɗuwa, don haka ka natsu.

Hutun haihuwar Dorkas ya ƙare. Kowace safiya takan goya jaririn, ta saɓa babbar, Jemimah, a kwankwaso, ta rataya jakar madara da ta aiki, ta shiga metiro zuwa unguwar Mansura inda mai raino take, daga nan ta wuce asibiti ta wuni a tsaye. Henry kan fita tun kafin su tashi. Jemimah tana iya tafiya, amma zuwa inda ita take so, wanda galibi tsakiyar titi ne.

A waya Dorkas takan gaishe da mahaifinta, ta tambayi aiki, ta tambayi gwiwarsa, sannan a hankali ta ce, "Baba, ya maganar nan kuwa?"

"Ana kan bincike."

"To, Baba. Allah ya taimaka."

Yakan ji numfashinta a wayar, irin na mai hawa tudu da kaya. Shawarata ita ce ka nisanta wayar da kunnenka kaɗan. Baba Jonah bai yi haka ba, shi ya sa tuwo ya daina yi masa daɗi, yakan zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa har abokin ɗakinsa ya tambaye shi ko lafiya.

Mataki na shida: In an daina tambaya, ka ɗauka ka ci nasara

Wata rana za ka lura maganar ta mutu. 'Yarka ta daina dafa ƙugu in za ta miƙe. In ka je ziyarar Juma'a, surukinka yana tarbar ka tun daga ƙasa, yana jan ka da hirar ƙwallo a bakin lif, sama kuwa kana jin ana jan wani abu. Labulen baranda kullum a sake yake. Ka ce za ka sha iska, a ce maka ai shanya ce ta cika wurin.

Kada ka bincika. Mutanen da suka wahala haka don kare girmanka sun cancanci ka bar su su ci gaba da wahala.

Mataki na bakwai: Kiyayi jika

Manya suna iya ɓoye abu. Jika ba ta san an yi yarjejeniya ba.

A wata Juma'a, Baba Jonah na zaune yana tsokanar Jemimah. "Amaryata, yau ma ba ki dafa mini komai ba? Zan sake mata."

"Kaka tsoho," ta ce, ta kama ɗan yatsansa. "Zo ka ga motata."

Henry ya miƙe da sauri har shayi ya zube. Kafin ya kai, yarinyar ta ja labule, ta janye zanen gadon da aka lulluɓe abin da shi. Ga keke nan, mai gaba da baya, toka-toka, ƙafafunsa sun sha ƙurar hanya, da ɓarɓashin biskit a kujera.

"Baba, na maƙwabta ne," in ji Henry. "Ajiya suka..."

"Ba na maƙwabta ba ne, Baba," Dorkas ta katse shi, idonta a ƙasa. "Ni na saya. Bayana ne ya kasa. Na rasa yadda zan faɗa maka."

Esin ɗakin, wanda shi ma Baba Jonah ne ya gyara da hannunsa, yana ta ƙara. Dattijon ya dubi 'yarsa, wannan karon da kyau, ya ga yadda wuyanta ya rame. Sannan ya durƙusa a gaban keken, gwiwa tana ƙara. Ya taka birki. Ya girgiza hannun keken. Ya ja ɗamarar kujera ya ga ta riƙe. Ya daɗe yana yi.

Ya miƙe, ya kakkaɓe hannu, ya ce, "Na gama bincike. Wannan na zaɓa."

Henry ya ce, "Baba ya iya zaɓe." Dorkas ta juya musu baya, kafaɗunta na rawa, ba a san ko dariya ce ba.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a ciwon bayan 'yar kowa, ko ƙaryar da surukin kirki zai koya a dalilinka, ko barcin da zai ƙaurace maka. Wanda ya bi matakan nan ya ga ba daidai ba, kada ya neme ni. Kada kuma ya nemi Baba Jonah, domin shi ya bar wannan fanni tun yammacin ranar, lokacin da ya ce wa Dorkas ta je ta kwanta, aka ɗaura masa yaran biyu a kujerunsu, Jemimah ta buga ƙafa ta ce, "Yalla, mu je, Kaka," shi kuwa ya kama hannun keken ya tura.