Jar Tutar Basharat

Ga Allah nake kai kukan raka'ar da ta kuɓuce mini yau a sallar Azahar. Sanadin kuwa motar nakiya ce mai zuwa mafasar marmara. Ta cike titin masallaci tana jan ciki, maƙwabcina Basharat na tafe a gabanta riƙe da jar tuta.

Dokar jiharmu ce tun zamanin keken shanu: duk abin da ya ɗauko albarushi, sai mutum ya yi masa jagora a ƙasa. Shanun sun daɗe da ƙarewa, dokar tana nan da ranta. Yadda ake cika ta kuwa, Basharat yakan zauna a kan akwatunan nakiyar, mota na sheƙa gudu, sai an kusa rumfar mai duba kaya da ke daura da masallaci ya sauko ya taka. Da an wuce, ya koma mazauninsa.

Na ce, "Basharat, ka ji tsoron Allah, liman ya yi kabbara."

Ya ce, "Maulvi Sahib, malaminmu, yi haƙuri, takun bankwana nake yi. Manya sun soke dokar. Gurasar rotin gidana kuwa a jikin sandar nan yake rataye."

Masu Girma Iyayen Kwamiti, Allah Ya ƙara musu lafiya, sun soma nazarin dokar tun gemuna yana baƙi. Sun sha shayi dominmu, sun jure ziyarar ƙasashe masu sanyi duk lokacin zafi. A cikin wannan sadaukarwa, ba abin mamaki ba ne a manta da mai tuta. Daga gobe motar za ta riƙa wuce masallaci a guje: jam'i ba zai sake kuɓuce mini ba, sai dai ban san ko a wace duniya zan sallame ba.

Bayan La'asar na shiga yi masa jaje, na tarar yana goge tutar yana murmushi.

"An aiko kirana," in ji shi. "Shugaban Kwamiti ya ga tuta ta yi masa kyau. Ni zan riƙa shiga gaban ayarinsa don jama'a su kauce."

Na yi hamdala ga Mai azurta bayi. Munana zato ga shugabanni ba halina ba ne, malamaina sun hore ni a kansa. Na dai lura cewa a karon farko jar tuta za ta shiga gaban abin da ya kamata talaka ya kauce wa.