Tarin ranar Litinin

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tashi gaban mutane na kira ladanin unguwarmu mashayi ba. Ina rubuta wannan ma kunnuwana zafi suke yi.

A shekarun saba'in ne, lokacin da hoton shugaban ƙasarmu na farko ke rataye a kowane ofis. Na samu aiki a wata masaƙa a Garwa, a arewacin Kamaru, ina rubuta wanda ya zo da wanda ya makara a littafi. Ina da satifiket, da Faransancin da bai wuce cikin cokali ba, da biro biyu a aljihu (ɗaya ba ya rubutu, na ado ne).

A ɗakin shiɓar auduga akwai Baba Sale, dattijo, ladanin masallacinmu na unguwar Rumde Ajiya. Na lura kowace Litinin sai ya kama tari, ƙirjinsa na fito, ya bar injin ya fita ya tsuguna. Talata da sauƙi, Juma'a garau. Duk ina rubutawa a littafina. Sai na haɗa lissafina na masu ilimi: me ake yi ran Lahadi? Shan bilbil, giyar dawa. Shi ke nan, na gano!

Na ja shi gefe na ce, "Baba, in aka ƙara, sunanka zai hau teburin shef, shugaban masaƙar nan."

Ya ce, "Ɗana, ina da bakuna tara a gida. Ka rufa mini asiri."

Ni kuwa na ɗauki wannan a matsayin amsa laifi. Daga nan ya daina fita shan iska. Yana tari yana aiki, ya rame, da ya hango ni da littafina sai numfashin ya ƙara sarƙewa.

Ranar da likita ta zo duba ma'aikata, wata Litinin, aka jera mu a tsakar masaƙar. Ta ɗora abin sauraro a ƙirjin Baba Sale ta daɗe. Ba wanda ya tambaye ni, wallahi. Na matso na buɗe littafi, na ce da ƙarfi, da Faransanci kuma na maimaita da Hausa don kowa ya amfana, "Madam, kar ki wahala. Ragowar bilbil ɗin jiya ne."

Ta karɓi littafin ta duba, ta ce ƙurar auduga ce. Shekara da shekaru tana shiga, ta kumbura masa hanyoyin numfashi. In ya huta Lahadi ya dawo, jiki sai ya sake tashi faɗa da ita. Ta ƙara da cewa fargaba da rashin barci na ƙara shaƙe irin wannan ƙirjin. Sai ta tambaya, "Akwai abin da ke tayar masa da hankali kwanan nan?"

Mutum fiye da ashirin suka juyo suka kalle ni. Na so ƙasa ta tsage.

Baba Sale ne ya cece ni. Ya numfasa da ƙyar ya ce, "Ku ƙyale yaron. Ba don littafinsa ba, da wa zai san Litinin ce?"

An mayar da shi gadin ƙofa, nesa da ƙura, amma an makara. Kiran sallarsa ya riƙa yankewa a tsakiya, har wani ya karɓi ladancin. Damina biyu ya ƙara ya rasu. Kullum ina cewa gobe zan je in nemi gafara yadda ya kamata, kunya na hana ni, kuma wannan ne ke cina har yau.

Tun daga lokacin, in na lura da abu a jikin mutum, nakan faɗi abin da na gani in haɗiye fassarar. Litinin ɗin daidai na gani. Sauran duk ni na ƙara.