Ranar da Na Hutar da Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

Har yau in na wuce ta unguwar Limawa sai na sunkuyar da kai.

Kawuna yana da shagon buga takardu a can, ya sayo wata kwamfuta mai ƙwaƙwalwa biyu. Ni kuma na gano wurin da ake zaɓa wa kowane aiki ƙwaƙwalwar da zai hau. Tun daga ranar na ɗauki kaina injiniyan Jigawa gaba ɗaya.

A garinmu Aujara, idan rana ta yi zafi, Baba yakan kwance sa ɗaya daga amalanke ya sha inuwa. Sai na tausaya wa ƙwaƙwalwa ta biyu, na tattara ayyukan nan kaf na ɗora wa ta farko.

Ana haka Malam Hudu, wani malamin firamare, ya shigo da takardun neman ƙarin girma. Ƙarfe huɗu za a rufe karɓa a sakatariya. Na buga rabi, kwamfuta ta sandare.

"Yaro, lafiya kuwa?"

"Malam, tunani take yi."

Na ƙi kashe ta don ban adana aikin ba. Huɗu ta wuce. Malam ya naɗe takardunsa ya fita, sai wata shekarar kuma. Da ma zagina ya yi.

Da Kawu ya dawo ya ji bayanina, ya ce, "Amalanke ka gani a shagona?"

Yanzu ko gaisuwa na manta, sai Inna ta ce, "Ku ƙyale shi, ɗayar tana hutawa."