Lemon Cittar da Na Haɗa a Jarka

Shekarar da kuɗi suka fara zagawa a kasuwarmu ta Dei-Dei, matata ta tafi Zariya haihuwa, ni kuwa na ce haɗa lemon citta ai ba karatu ba ne. Na daka citta, na yanko ciyawar shayin nan mai ƙamshin lemun tsami, na zabga sukari, na ɗura a jarka na toshe bakinta tam. Ita a firji take sa nata. Ni bayan shago na ajiye nawa cikin zafi har kwana biyar, wai don ya jiƙu sosai.

Ranar Juma'a na tara maƙwabtana 'yan siminti. Ina buɗe jarkar ta yi huci, kumfa ta taso. Na ce, "Ƙarfin citta ne, ku sha."

Malam Sule, wanda ke ja mana salla, ya shanye kofi biyu yana sa mini albarka. Sai Bulus direban tifa ya kurɓa, ya dube ni.

"Oga, wannan ai giya ce. Mai kyau ma."

Sati guda Malam Sule bai amsa sallamata ba.

Yanzu gemuna ya yi fari, na je Makka sau biyu, amma har yau in na shigo kasuwa sai wani mara kunya ya ɗaga murya: "Alhaji mai burkutu, yau ba a buɗe ba ne?"